Ɓera ko tsuntsu: wanne ɗalibin nazarin halayyar dabbobi zai ɗauka?

Ɗalibin da ya gama digirin farko a sashen nazarin dabbobi, ko likitancin dabbobi, ko ilimin aikin sassan jiki, ya kuma ƙudurta cewa halayyar dabba da tunaninta zai nazarta a digiri na biyu, tambayar farko da mai duba aikinsa zai yi masa ita ce: da wace dabba za ka yi? A jami'o'inmu amsar kan zo da wuri, farin ɓeran gwaji, don shi ne a ɗakin dabbobin sashe, shi ne kuma waɗanda suka gabata suka yi aiki da shi. Ina ganin wannan zaɓi ya fi ƙarfin a yanke shi cikin minti biyar. Dabbar da ka ɗauka ita za ta yanke maka irin tambayar da za ka iya amsawa, da kuɗin da za ka kashe, da inda za ka kwana ka tashi tsawon shekara biyu, har ma da irin aikin da za ka samu bayan ka gama. Dangin ɓera da tsuntsaye su ne manyan ƙofofi biyu na wannan fanni, kuma ba ɗaki ɗaya suke buɗewa ba.

Abin da ɓera ya bai wa ilimi

Ƙarfin ɓera a cikin ƙwaƙwalwa yake. A 1948 Edward Tolman na jami'ar Kaliforniya a Berkeley ya yi iƙirarin cewa ɓeran da ke yawo cikin murɗaɗɗiyar hanya ba haddace "dama, hagu, dama" kawai yake yi ba, taswirar wurin yake ginawa a kansa. An daɗe ana gardama a kai. Sai a 1971 John O'Keefe a Landan ya sa siririyar waya a wani ɓangaren ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira hifokamfas, ya tarar da ƙwayoyin jijiya da ba sa motsawa sai ɓeran ya isa wani takamaiman wuri a cikin akwatin. A 2005 May-Britt Moser da Edvard Moser a Trondheim ta ƙasar Norwe suka gano wasu ƙwayoyin da ke auna fili cikin tsari mai kusurwa shida. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta 2014. Daga zato zuwa ƙwayar jijiya da za a iya saurara, wannan tafiya ɓera ne ya ba da damar yin ta, kuma hifokamfas ɗin nan yana cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara ci a jikin mutum.

Dalilin da ya sa ɓera ya yi wa kowace dabba nisa a nan ba ɓoyayye ba ne. Ɓeran gwaji nau'i biyu ne: cikin ƙaramin nau'in (mouse a Turance) kwana 19 zuwa 21 ne, na babban nau'in (rat) 21 zuwa 23, kuma ɗan da aka haifa yau zai iya haihuwa cikin wata biyu. An karanta jerin ƙwayoyin gadon ƙaramin ɓera tun 2002, na babba a 2004. Akwai zuriyoyin da aka yi ta haɗa 'yan uwa da 'yan uwa har suka zama kusan kwafin juna, ta yadda bambancin da ka gani tsakanin rukuni biyu za ka iya jingina shi ga abin da ka yi musu. Ana iya kashe ƙwayar gado guda a ga me zai canja, dabarar da ta kawo kyautar Nobel ta 2007. Gwaje-gwajen ma a shirye suke: kwandon ruwan da Richard Morris ya ƙirƙiro a 1981, inda ɓera ke neman dandamalin da aka ɓoye ƙarƙashin ruwa mai duhu, har yau shi ne ma'aunin tuna wuri a duniya. Ɗalibi ba zai ƙirƙiri komai daga tushe ba, zai ɗauki hanyar da dubbai suka bi ya ɗora tambayarsa.

Ɓangaren zamantakewa ma ɓera ya ba mutane mamaki. A ƙarshen shekarun 1990 Jaak Panksepp da Jeffrey Burgdorf a Ohayo suka gano cewa idan aka yi wa matashin ɓera cakulkuli yakan fitar da wani siririn sauti wajen kilohaz 50 (kilohaz shi ne ma'aunin sirancin sauti), ya kuma bi hannun yana neman ƙari. Kunnen mutum ba ya wuce kilohaz 20, shi ya sa ba wanda ya taɓa ji. Idan tsoro ne ko wahala, sautin yakan sauka wajen kilohaz 22, ya yi tsawo. A 2011 Inbal Ben-Ami Bartal da Jean Decety da Peggy Mason a Chicago suka nuna ɓera na koyon buɗe ƙofa don ya fitar da abokin kejinsa da aka kulle a bututu, wani lokaci har ya bar masa cakulan. Wasu masana sun ce ba tausayi ba ne, son zama da ɗan uwa ne kawai, kuma gardamar ba ta mutu ba. A Berlin ɗakin binciken Michael Brecht ya koya wa ɓeraye wasan ɓuya a 2019, ba tare da ladan abinci ba, ladansu wasa ne da cakulkuli. Akwai kuma binciken da kowane mai rumbu zai gane: John Garcia ya nuna cewa ɓeran da ya ci abu ya yi ciwon ciki, ko bayan sa'o'i ne, sau ɗaya ya ishe shi ya guji wannan ɗanɗano. Wannan ne ya sa maganin ɓera mai saurin aiki kan daina kama su bayan 'yan kwanaki.

Inda ɓera ya gaza, tsuntsu ya ɗauka

Idan tambayarka ta shafi yadda ake koyon murya, ɓera zai ba ka kunya. Gaskiya ne a 2005 Timothy Holy da Zhongsheng Guo a St. Louis sun nuna namijin ƙaramin ɓera na rera wa mace jerin sautuka masu tsari da suka kira waƙa. Amma da aka bi diddigi, sai aka ga ɓeran da aka haifa kurma yana fitar da kusan irin waƙar mai ji, kuma a wani gwaji da Takefumi Kikusui ya yi a Japan a 2011, 'ya'yan da aka ba wata zuriya ta raina sun tashi da waƙar iyayen da suka haife su. Da ita aka haife su. Akwai togiya guda mai ban sha'awa a cikin dangin: wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi na gabashin Afirka, wanda Alison Barker da Gary Lewin suka nuna a 2021 cewa kowane gida nasu da karin muryarsa, kuma jaririn da aka mayar wani gida yakan ɗauki karin sabon gidan. Amma samun wannan dabba da kiwonta ba aikin ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Tsuntsu kuwa koyo yake yi, kamar yadda jariri ke koyon magana. William Thorpe a Kambirij ya raini wasu tsuntsaye a keɓe a shekarun 1950, ba su taɓa jin babba ba, suka tashi da waƙa gurguwa. Peter Marler ya tarar da karin harshe tsakanin tsuntsayen nau'i ɗaya a unguwanni daban-daban na gaɓar San Francisco. Masakazu Konishi ya nuna dole tsuntsu ya ji kansa kafin ya daidaita waƙarsa da wadda ya haddace. Ɗan tsuntsun Ostireliya Taeniopygia guttata, wanda ya zama ɓeran gwajin masu nazarin waƙa, yakan saurari ubansa yana ƙarami, ya yi ta gwalantu, sannan waƙar ta daskare yana da kwana 90 ko kusa da haka. A kan kanari, irin wanda ake kiwo a keji a Kano da Zariya, Fernando Nottebohm na jami'ar Rockefeller ya zana hanyoyin waƙa a ƙwaƙwalwa a 1976, sannan a 1983 shi da Steven Goldman suka nuna ƙwaƙwalwar babban tsuntsu na haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya, abin da littattafan wancan lokaci suka ce ba ya yiwuwa. Dabbobin da ke koyon murya ta kwaikwayo kaɗan ne a duniya, ko birrai mafiya kusa da mu ba su iya ba sosai. A cikin waɗanda suka iya, tsuntsu ne ya fi sauƙin ajiyewa da yawa ka nazarta.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma a duwatsun Jos akwai tsuntsun da ya nuna cewa gidan da ake nufi shi ne gidan raino. Sunansa na kimiyya Vidua maryae. Macen ba ta yin sheƙa, takan saka ƙwanta a sheƙar wani ɗan jan tsuntsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda Robert Payne na jami'ar Michigan ya bayyana wa kimiyya a 1998 daga wannan yanki. Namijin da ya tashi a wannan sheƙa yakan kwaikwayi waƙar masu rainonsa. Macen da ta tashi a irin sheƙar takan fi son namiji mai wannan waƙa, kuma in ta tashi saka ƙwai irin gidan da ta girma take nema. Payne ya gwada wannan da wani ɗan uwansa na jinsin Vidua, ya ba wani baƙon nau'i ya raini 'ya'yan, suka tashi da waƙar baƙon, matan kuma suka riƙa saka ƙwai a sheƙarsa. A 2003 shi da Michael Sorenson da Kristina Sefc suka nuna cewa ta wannan hanya sababbin nau'o'i ke ɓallewa. Wato waƙar da aka koya tana raba zuriya. Wannan tambaya ce da manyan jami'o'in duniya ke biyan kuɗin jirgi don su zo su duba, mu kuma motar haya ce tsakaninmu da ita.

A fagen basira ma tsuntsaye sun rushe tsohon raini. A 1998 Nicola Clayton da Anthony Dickinson suka nuna wani ɗan uwan hankaka na yammacin Amurka yana tuna abin da ya ɓoye, da inda ya ɓoye, da yaushe: in lokaci ya ja, yakan bar tsutsar da ya san ta ruɓe ya nufi gyaɗa. Bayan shekara uku Clayton da Nathan Emery suka ga wanda ya taɓa satar ajiyar wani shi ne ke canja wa tasa wuri in ya san an gan shi. Hankakan tsibirin New Caledonia na sassaƙa ƙugiya da tsinke don zaƙulo tsutsa, kuma wata mai suna Betty a Oxford ta lanƙwasa waya a 2002 ta ciro ɗan bokitin abinci daga bututu. John Marzluff a Seattle ya sa wata fuskar roba yana kama hankaki, shekaru bayan haka suna yi wa duk mai wannan fuska ihu, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Irene Pepperberg ta yi shekara 30 da aku guda mai suna Alex, daga 1977 zuwa mutuwarsa a 2007, ya san sunayen launuka da siffofi, yana ƙirga abubuwa har shida, yana kuma amsa tambayar "me ya yi daidai, me ya bambanta". Wani bincike da aka yi a Prague a 2016 ya ba da wani ɓangare na dalili: ƙwaƙwalwar aku da tsuntsaye masu waƙa na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan ninki biyu na ƙwaƙwalwar biri mai nauyi ɗaya.

Sai dai ka lura da wani abu kafin labaran nan su ɗauke maka hankali. Alex ɗaya ne. Betty ɗaya ce. Yawancin gwaje-gwajen basirar hankaki da tsuntsaye biyar ko takwas aka yi su, kuma wasu ba su tsaya ba da aka sake. Sakamakon 2008 da ya ce wani dangin hankaka na Turai na gane kansa a madubi, an maimaita shi a 2020 ba a samu haka ba. Mai duba kundinka zai tambaye ka yawan dabbobin da ka gwada, kuma a nan mai ɓera arba'in ya fi mai hankaka huɗu kwanciyar hankali. Wanda zai bi tsuntsu gara ya nemi tambayar da za ta ba shi adadi mai yawa, kamar naɗar waƙar maza talatin ko bin sheƙa sittin, maimakon ya ɗora digirinsa a kan hazikancin tsuntsu guda.

Kuɗi, wuta da lokaci

A nan ne lissafin ɗalibin Kano ko Maraɗi ya bambanta da na ɗalibin Landan. A takarda ɓera ya fi araha, kuma samunsa ba wuya: cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ɗakunan dabbobi na jami'o'i irin su Ahmadu Bello na samar da ɓerayen Wistar, zuriyar da ta samo asali daga Philadelphia a farkon ƙarni na 20. Amma gwajin halayya ba kamar gwajin hanta ko ƙoda ba ne. Ƙa'idar kiwon ɓeran gwaji ita ce ɗaki mai sanyin digiri 20 zuwa 24, haske awa 12 duhu awa 12, ba hayaniya. Ka kwatanta wannan da ɗakin da ke kai digiri 38 a watan Afrilu, wuta na zuwa tana ɗaukewa, janareta na ruri a bayan taga. Ɓeran da zafi ya dama ba ya yawo, ba ya ci sosai, kuma abin da za ka rubuta a matsayin tasirin maganinka zai iya zama tasirin bazara. Ga shi dabbar dare ce, mu kuma da rana muke tashinta mu gwada.

Ko a inda komai ya wadata halayyar ɓera na da saurin gurɓata. A 1999 John Crabbe da abokan aikinsa suka gwada zuriyoyi iri ɗaya a ɗakuna uku, Portland da Albany a Amurka da Edmonton a Kanada, da kayan aiki iri ɗaya, rana ɗaya, sa'a ɗaya, suka samu sakamako mabambanta a wasu gwaje-gwajen. A 2014 ɗakin binciken Jeffrey Mogil a Montreal ya gano cewa warin jikin namijin mai bincike, ko da rigar da ya kwana da ita ce aka ajiye, na tayar wa ɓera hankali har ya rage nuna ciwo. Jane Hurst a Liverpool ta nuna a 2010 cewa ɗaga ƙaramin ɓera ta wutsiya, yadda aka koya wa kusan kowa, na sa shi fargaba, ɗaukarsa cikin bututu ko tafin hannu kuma na rage ta. Ba ina cewa kada a yi aikin ɓera a nan ba. Ina cewa wanda zai yi ya sa kuɗin sola ko batir da ma'aunin zafi a sahun farko na kasafinsa, gaban kuɗin maganin da zai gwada, ya kuma rubuta yanayin ɗakin a kundinsa yadda yake. In kuma sautin ɓera yake son ji, sai ya tanadi makirfo mai kama sautin da ya wuce jin mutum.

Aikin tsuntsu a daji ba ya buƙatar ɗaki mai sanyi. Tabarau mai hangen nesa, na'urar naɗar murya, ɗan lasifika don mayar wa tsuntsu waƙa a ga martaninsa, da littafin rubutu, sun isa a fara. Ƙaramar na'urar AudioMoth ana ɗaure ta a bishiya ta yi ta naɗa da batir. Manhajar Audacity kyauta ce, tana zana sauti a gani da ido, kuma rumbun xeno-canto na intanet na da naɗaɗɗun kukan tsuntsayen duniya don kwatantawa. Kuɗin tsuntsu a mota yake tafiya, da kwana a ƙauye, da ɗan jagora. Babbar matsalarsa lokaci ne. Yawancin tsuntsayenmu masu cin tsaba da damina ko ƙarshenta suke sheƙa, a lokacin ne kuma waƙa ke tashi. In kuɗin bincike ya makara, ko yajin aiki ya cinye watan Yuli zuwa Oktoba, ka yi asarar shekara guda cur. Ɓera kuwa ba ruwansa da damina, ko yaushe ka shirya ya shirya. Sannan akwai maganar tsaro, wadda ba wanda zai yi wasa da ita: dazuzzuka da yawa da suka dace da wannan aiki yanzu ba sa shiguwa, kuma dole wurin bincike ya zama inda za ka iya zuwa da asuba ka dawo lafiya. Abin sa'a, hankaka da tantabara da kurciya da tsuntsayen da ke saƙa sheƙa a bishiyoyin harabar makaranta duk a cikin gari suke.

Kama tsuntsu da raga da sa masa zobe a ƙafa sana'a ce da ake koya a hannun gwani, ba daga bidiyo ba. A Najeriya wurin koyonta shi ne cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI, a dajin Amurum kusa da Laminga a gabashin Jos, ƙarƙashin jami'ar Jos. Tun farkon shekarun 2000 take horar da ɗaliban Afirka ta Yamma a digiri na biyu, kuma tsuntsayen Jos ɗin nan biyu da na ambata, Vidua maryae da mai rainon 'ya'yansa, a harabarta suke. Samun cibiya irin wannan a gida babban dalili ne a ma'aunina.

Lafiyarka da haƙƙin dabbar

Ɓeran gwaji da aka haifa a keji ba shi da haɗari sosai in ban da cizo da ƙaiƙayin da gashinsa da fitsarinsa ke jawo wa wasu. Ɓeran daji wani abu ne daban. Mastomys natalensis, wanda ke shiga gidaje da rumbuna, shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ta fitsari da kashinsa ake ɗauka. Kada ɗalibi ya ɗana tarko ya kama ɓerayen gida da hannu don wai sun fi araha. Tsuntsu ma yana da nasa: murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka a 2006, aku da tantabara kuma na iya sa wa mutum ciwon huhu. Shi aku ma a cire shi daga lissafi. Tun taron 2016 na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobin daji, aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe saboda yadda ya ragu, kuma sayen na kasuwa don bincike ƙara wa masu kamawa ƙarfi ne.

Akwai kuma tambayar da ɗalibai ba sa yi wa kansu sai ranar ta zo: za ka iya yanka dabbar da ka yi wata uku kana ba ta abinci? Yawancin ayyukan ɓera da ciro ƙwaƙwalwa suke ƙarewa. Ba laifi ba ne in tambayar ta cancanta kuma kwamitin ɗa'a ya amince, bisa ƙa'idoji ukun da William Russell da Rex Burch suka kafa a 1959: a maye gurbin dabba in da hali, a rage adadi, a sauƙaƙa wahala. Amma ɓera sittin da aka kashe a gwajin da zafin ɗaki ya riga ya lalata, wannan ɓarnar rai ce. Mai nazarin tsuntsu a daji sau da yawa yakan gama digirinsa bai kashe ko ɗaya ba, ko da yake shi ma yawan kunna waƙa kusa da sheƙa ko yawan leƙa ta na iya sa iyaye su gudu su bar ƙwai.

Gafiya

Tsakanin farin ɓera da tsuntsun daji akwai hanya ta uku da nake mamakin yadda muka bar ta. Ƙungiyar APOPO, wadda Bart Weetjens ɗan Beljiyam ya kafa a 1997, tana horar da gafiya a Morogoro ta Tanzaniya tare da jami'ar aikin gona ta Sokoine. Gafiyoyin na sansano nakiyar da aka binne, nauyinsu kuma bai kai ya tayar da ita ba. Ɗaya mai suna Magawa ya gano nakiyoyi da ababen fashewa sama da 100 a Kambodiya, aka ba shi lambar zinariya a 2020. Wasu an horar da su gane tarin fuka a majina, suna bin samfuri 100 cikin kimanin minti 20. Tasu Cricetomys ansorgei ce, tamu ta Afirka ta Yamma Cricetomys gambianus, 'yan uwan juna. Masanan likitancin dabbobi a Ibadan da Zariya sun yi rubutu kan tsarin ƙwaƙwalwarta, amma yadda take koyo, da yadda take sadarwa ta wari, da yadda take tuna rumbunan da take tara abinci, fili ne mai faɗi. Ta saba da zafinmu, tana kuma rayuwa har shekara takwas, don haka horon da aka ba ta ba ya tafiya a banza. Wahalarta ita ce wadda aka kamo babba ba ta sabo da hannu, sai an fara da jarirai, kuma tana iya ɗaukar cuta: ɓarkewar ƙyandar biri a Amurka a 2003 an danganta ta da dangin ɓera da aka kai daga Ghana, har da gafiya. Aikin digiri na uku ne, ga wanda yake da likitan dabbobi a kusa.

To wanne?

In burinka ƙwaƙwalwa ce da cututtukanta, ko harhaɗa magunguna, ko kana son ka ƙarasa a ɗakin bincike na likitanci a waje, ɗauki ɓera. Harshen da waɗannan ɗakuna ke ji ke nan, kuma iya riƙe ɓera da gudanar da gwajin kwandon ruwa abu ne da za ka sa a takardar neman gurbi a gane shi nan take. Amma ka sani kana shiga kasuwar da masu biliyoyi suka riga suka cika, kuma abin da zai bambanta aikinka shi ne tsabtarsa.

In kuwa tambayarka ita ce yadda dabba ke koyon murya, ko yadda labari ke yaɗuwa a garke, ko yadda take warware matsala a inda Allah Ya ajiye ta, ni tsuntsu zan ce maka, kuma ga ɗalibin da ke arewacin Najeriya ko kudancin Nijar na fi karkata nan. Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, da yawansu ba a taɓa nazarin waƙarsu da kyau ba. Bincike mai girma ya taɓa fitowa daga irin wannan wuri da kayan aiki kaɗan. Peter Ward ya bi janbaki a yankin tafkin Chadi a shekarun 1960, kuma daga irin abin da ya gani ne shi da Amotz Zahavi suka kawo ra'ayin nan a 1973 cewa makwancin tsuntsaye wurin musayar labari ne, wanda bai samu abinci jiya ba yakan bi wanda ya samu. Manoman shinkafa a Kebbi da Jigawa da Yobe har yau suna fama da wannan tsuntsu, kuma duk abin da aka ƙara sani game da yadda garkensa ke zaɓar gona zai yi musu amfani. A Mozambik, Claire Spottiswoode ta nuna a 2016 da lasifika kawai cewa kiran da masu neman zuma na ƙabilar Yao ke yi wa tsuntsun da ke jagorantarsu zuwa amya na ɗaga damar samun zuma daga kashi 17 zuwa 54 cikin ɗari. Wannan tsuntsu, Indicator indicator, yana nan a dazuzzukanmu na savana, kuma dattawan da suka yi farautar zuma suna nan a tambaye su irin kiran da suke yi masa.

Kafin ka cike fom, je ka ga ɗakin dabbobin sashenku da tsakar rana a watan zafi, ka tambayi awa nawa ake samun wuta. Sannan ka tambayi malamin da zai duba ka ko ya taɓa wallafa aikin halayya da dabbar da kake so, don gwanin ɓera ba zai iya gyara maka kuskuren naɗar waƙa ba, haka ma akasin haka. In ba a sashenku gwanin yake ba, nemi a haɗa maka mai duba na biyu daga wata jami'a tun kafin a amince da taken aikin.